Batirin sola da muke kwana da shi a ɗaki

Jama'a, yau maganar batirin litiyam nake so mu yi. Na san abokaina masu sayar da kayan sola da masu haɗawa ba za su ji daɗin wani ɓangaren ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku sauko min a kwament.

Kowa ya san yadda muka iso nan. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya koma kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, har cajin waya ya zama abin bin layi. Daga nan duk mai ɗan hali ya koma sola, wanda ke da batirin tubula kuma ya fara tara kuɗin litiyam, don ya fi daɗewa, ba a zuba masa ruwa, kuma yana cika da wuri. Ni ma ina cikin masu cewa sola rahama ce, kuma ba zan ce wa kowa ya koma janareta ba. Damuwata ita ce mun shigo da wani abu cikin gidajenmu wanda ba mu san halinsa ba, muna kuma mu'amala da shi kamar firji ko talabijin.

Bari mu fara da girman abin. Batirin wayar da ke hannunka, mai 5000mAh, yana riƙe da wuta kimanin wat-awa 19. Farin akwatin nan da ake mannawa a bango, mai bolt 51.2 da 100Ah, wanda 'yan kasuwa ke kira "faif kilowat", yana riƙe da sama da wat-awa 5,000. Wato batirin waya fiye da 250 a cikin akwati ɗaya. Mai kilowat-awa 15 ɗin da ake yayi yanzu kuwa ya tasam ma waya 800. Duk wanda ya taɓa ganin batirin waya guda ɗaya ya kama a hannun mai gyara, ya ga yadda yake feso wuta kamar abin walda, to ya ninka wannan a ransa. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka fawa bank a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, kuma wanda ya haura wat-awa 100 sai da izini ake hawa da shi. Mu kuma mai 5,000 muke rataye wa a gefen gadon yara.

Abin da ya bambanta wutar litiyam da wutar da muka sani shi ne ita daga ciki take tasowa. A cikin kowace ƙwayar batir akwai ɓangare biyu da wata siririyar leda ta raba, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, sannan akwai wani ruwa mai kama wuta da ya jiƙa su. Idan ledar nan ta huje, ko saboda faɗuwa, ko caji fiye da kima, ko zafi, ko kuma tun daga masana'anta aka yi ta da aibi, sai ɓangarorin biyu su haɗu. Ƙwayar ta ɗau zafi, zafin ya tayar da sinadaran ciki, su kuma su ƙara haifar da wani zafin. Daga wani mataki babu mai tsayar da shi. Ƙwaya ɗaya ta dafa ta kusa da ita, ita ma ta dafa ta gaba, haka har akwatin ya ƙare. Ko ka kashe harshen wutar da ke waje, girkin da ke ciki yana nan yana ci. Shi ya sa jan silindan kashe gobara mai hoda da muke ajiyewa a shago ba ya gama da ita, ka fesa ta kwanta, bayan minti biyu ta dawo. Batirin da aka ce an kashe yana iya sake tashi bayan awanni, wani ma bayan kwanaki.

Kuma wallahi ba harshen wutar ne ya fi ba ni tsoro ba, hayaƙin ne. Kafin wuta ta bayyana, batirin yakan fara fitar da wani farin hayaƙi mai kama da tururi. Ba tururi ba ne. A cikinsa akwai haidurojin mai fashewa, akwai irin gubar hayaƙin janareta da ke kashe mutane a barci, akwai kuma wata iska mai cin huhu da ido. A rufaffen ɗaki wannan hayaƙin taruwa yake, ƙyastu ɗaya kawai yake jira.

Ku dubi abin da ya faru a Koriya ta Kudu ranar 24 ga Yunin 2024, a masana'antar batir ta Aricell da ke garin Hwaseong. Mutum 23 suka mutu. Kyamarar wurin ta nuna ma'aikata suna ƙoƙarin kashe wutar da silinda, cikin ƙasa da minti ɗaya hayaƙi ya rufe ɗakin gaba ɗaya, ba wanda ke ganin hanya. Irin batirinsu ba na caji ba ne, ya bambanta da na gidajenmu, amma saurin hayaƙin shi ne abin lura. A Amurka kuma, ranar 16 ga Janairun 2025, babbar ma'ajiyar batir ta Moss Landing a jihar Kalifoniya, mai megawat 300, ta kama. Aka kwashe mutanen yankin sama da dubu, 'yan kwana-kwana suka ja baya suka bar ta ta cinye kanta, bayan wata guda ta sake tashi. Amurka fa, da duk kayan aikinsu. A Satumban 2025 batir ya kama a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 na intanet suka tsaya cak.

Na san amsar da masu sayarwa za su ba ni, don na sha jin ta: "Malam, ai namu LiFePO4 ne, ba ya kamawa." Rabin maganar gaskiya ne, kuma ya kamata a ba su wannan rabin. Litiyam iri-iri ne. Akwai mai nikel da kobal, wanda ake kira NMC, shi ne a wasu kwamfutocin hannu da babura masu caji da motoci da dama, shi ne kuma ya ƙone a Moss Landing. Wannan yana saurin tashi, kuma idan ya yi zafi yana sakin iskar oksijin daga jikinsa, wato yana hura wa kansa wuta. LiFePO4 mai ƙarfe da fosfet ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba, sai ya sha zafi sosai kafin ya ɓalle. Duk wanda zai saka batir a gida, wannan ya kamata ya saya, babu jayayya.

Amma "ba ya kamawa" ƙarya ce. A Afrilun 2021 wata tashar ajiyar wuta a birnin Beijin, wadda LiFePO4 ne zalla a cikinta, ta fashe ta kashe 'yan kwana-kwana biyu. Abin mamakin ma, fashewar ba a ginin da matsalar ta fara ta auku ba. Iskar da baturan suka fitar ce ta bi ramin da aka binne kebul ta taru a wani ginin daban, can ta tashi. Wato shi wannan mai haƙurin, idan ya lalace, ba lallai ka ga wuta ba, sai dai ya cika maka ɗaki da iska mai fashewa.

Sannan wa ya ce abin da aka rubuta a jikin akwatin shi ne a ciki? Nan ne gizo ke saƙar. Akwati fari, sitika mai sheƙi, allo mai nuna 100%, duk wannan a kasuwa ake sayen su daban. A ciki kuma za ka iya samun ƙwayoyin da masana'anta ta ware saboda ba su ci jarrabawa ba, ko waɗanda aka ciro daga tsofaffin motoci da turakun sadarwa, an goge lambarsu an sake musu riga. Akwai ma masu tattara ƙananan ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci su jera su da dalma su naɗe da salatif, su sayar wa masu cajin waya da masu shago. Waɗannan ba LiFePO4 ba ne sam, kuma kowace ƙwaya da shekarunta da ciwonta. Hanya ɗaya mai sauƙi: ɗaga akwatin. LiFePO4 na gaske mai kilowat-awa 5 ƙwaya 16 ne a ciki, nauyinsa kilo 40 zuwa 50. Idan yaron shago ya ɗauko maka shi da hannu ɗaya yana murmushi, kuma kuɗin rabin na maƙwabcinsa ne, ka san akwai magana. (Abin takaici, dutsen litiyam ɗin ma a Nasarawa ake haƙo wani, har masana'antar tace shi aka buɗe a can a 2024. Mu tura dutse, a dawo mana da rarar da wasu suka ƙi.)

Ko batirin na ƙwarai ne, haɗin yana iya kashe shi. Inbata mai kilowat 5 a kan batir mai bolt 48 tana jan amfiya sama da 100 idan an ɗora mata kaya. Soket ɗin bangon ɗakinka amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. To ka ga mai haɗi ya zo da siririn kebul don ya rage kuɗi, ko kebul ɗin alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, ya ɗaure kan batir da filaya ba tare da ya matse noti yadda ya kamata ba. Wurin da bai matsu ba nan ne ke ɗaukar zafi kullum, a hankali roba ta narke. Wani ba ya saka fiyus tsakanin batir da inbata kwata-kwata. Wani ya saka bureka irin ta wutar NEPA a layin batir, alhali wutar batir da ta fanel DC ce, idan ta yi tsalle ba ta yankewa da kanta kamar ta NEPA, bureka ta musamman take so. Wani kuma ya cire tubula ya saka litiyam ya bar saitin inbata yadda yake, tana ta tura masa cajin da aka tsara don batirin ruwa. Ƙwayar LiFePO4 ba ta son ta wuce bolt 3.65. Ina kyautata zaton da yawa daga gobarar da ake cewa "sola ce ta jawo" daga irin wannan haɗin take farawa, batirin daga baya yake shiga.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne maganar BMS. Wani ɗan allo ne a cikin akwatin da ke gadin kowace ƙwaya, idan caji ya yi yawa, ko zafi, ko an ja wuta fiye da kima, sai ya yanke. Idan batirinka yana yawan ɗaukewa, mai gadin ne ke gaya maka akwai matsala. Sai maigida ya kira mai gyara ya ce abin nan ya dame ni, mai gyara kuma ya buɗe ya tsallake BMS ɗin da waya, wuta ta dawo, a sallame shi har da godiya. Halinmu ne na tun da, fiyus ya ƙone mu naɗa masa waya. A mitar NEPA an sha yin haka an kwana lafiya. A litiyam kuwa ka kori mai gadi ne ka bar ƙofa a buɗe.

Ga kuma zafin ƙasarmu. Yawancin takardun da ke zuwa da baturan nan suna cewa kada a yi caji idan zafi ya wuce digiri 45 zuwa 55. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, inuwa ma tana haura 40. To ina ga sito mai rufin kwano, babu silin, babu taga, ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da fanel ke turo caji mafi ƙarfi?

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na yi wannan dogon rubutun: ina muke ajiye shi?

Saboda tsoron ɓarayi, kuma tsoron yana da dalili tunda abu ne na miliyoyi, mutane suna saka batir a wurin da ya fi tsaro, wato cikin ɗakin kwana, ko falo, ko koridon da ke tsakanin ɗakuna. Na shiga wani gidan bene na tarar da batura uku a jere a ƙarƙashin matakala, matakalar da ita kaɗai ce hanyar saukowa, iyali gaba ɗaya suna kwana a sama, kusa da baturan kuma an jingine tsohuwar katifa da kwalaye. Da na yi magana maigidan ya ce ai wurin ya fi sanyi. Ku haɗa wannan da yadda muke gini yanzu: kowace taga da ƙarafe, ƙofar ƙarfe mai sakata uku, makulli a ƙarƙashin matashin maigida. Gidan da aka gina don kada kowa ya shigo, shi ne gidan da ba a fita da sauri. Idan abin da zai kama yana tsakaninka da ƙofa, ingancinsa bai dame ni ba, wurin bai dace ba.

Akwai hujja a kan haka daga birnin New York. A 2023 batiran kekuna da babura masu caji sun jawo gobara 268 a birnin, mutum 18 suka mutu, yawanci a cikin gidaje, abin hawan yana caji a bakin ƙofa ko a korido. Hukuma ta hana sayar da waɗanda ba su da shaidar gwaji, 'yan kwana-kwana suka dage da shelar a riƙa caji da ajiya a waje. A 2024 yawan gobarar bai ragu ba, amma waɗanda suka mutu suka dawo 6. Batura sun ci gaba da kamawa, sai dai da yawansu a waje suka kama. A Nanjing ta ƙasar Sin kuwa, a Fabrairun 2024, wuta ta tashi daga inda ake ajiye babura masu caji a ƙasan wani dogon bene, mutum 15 suka rasu a sama. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don babura da adaidaita masu caji sun fara shigowa, a Maiduguri ma tuni motocin haya masu lantarki suke yawo. Kuma mun san inda ɗan Arewa ke kwanar da babur ɗinsa: a zaure, hanya ɗaya tilo ta fita daga gida.

Don haka ni ra'ayina, wanda ya iya sayen batirin miliyan biyu zai iya gina masa ɗan ɗaki na bulo a tsakar gida, jikin katanga, mai inuwa da tagogin iska sama da ƙasa, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi. Wanda ke haya ko ba shi da fili, aƙalla ya nisanta shi da wurin kwana da hanyar fita, ya raba shi da katifa, labule, jarkar fetur da tukunyar gas. A saka na'urar nan mai ƙara idan ta ji hayaƙi, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Taga ɗaya a kowane ɓangaren kwana a yi mata ƙarfe mai buɗewa daga ciki, kuma matar gida da manyan yara su san inda makullin yake.

Su san alamomin ma, don su ne a gida da rana lokacin da ake caji. Akwati ya kumbura, ko yana zafi alhali ba a ɗora masa kaya ba, ko ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ko ƙara kamar tsakin iska, ko farin hayaƙi. Idan wari ne ko zafi kawai, a kashe inbata da burekar fanel a kira wanda ya sani. Idan hayaƙi ya fito, Hajiya, ba lokacin ɗauko bokiti ba ne, ba lokacin neman mayafi ko takardun fili ba ne. A kwashe yara a fita, kada a taɓa makunnin fitila, kada a koma. A kira 'yan kwana-kwana ko 112, a gaya musu tun a waya cewa batirin litiyam ne kuma akwai fanel a sama. Ƙaramin abu kamar waya ko fawa bank, ruwa yana maganinsa, ma'aikatan jirgi ma da ruwa suke sanyaya shi. Babban batir ruwa mai yawan gaske yake sha kafin ya huce, ga shi a haɗe da fanel da ke ci gaba da turo ɗaruruwan bolt muddin akwai rana. Maƙwabta masu zuwa taimako da bokiti, Allah ya saka da alheri, amma a nan taimakon shi ne a fitar da mutane a hana taruwa a bakin hayaƙin.

Kasuwanni kuma sai dai addu'a. Ranar Babbar Sallar 2025 gobara ta ci shaguna a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, rahotannin lokacin kuma fashewar batir suka zarga. Ku leƙa rufin kowace babbar kasuwa a yau, fanel ne ko'ina, kowane shago da nasa haɗin, kowa da mai haɗa masa, batir a ƙarƙashin kanta cikin atamfa ko leda ko kwali, a kulle a tafi gida. Ranar Lahadi ko ranar Sallah rana tana ta caji babu kowa a wurin. Shugabannin kasuwa da ke iya tara kuɗin masu gadi da na shara za su iya ɗaukar ƙwararre ɗaya ya zagaya layi-layi yana duba haɗi, wanda ya ƙi gyarawa a yanke masa. Ba sai an jira Abuja ba. Ita Abujar ma tana da nata: SON ce ke da alhakin ingancin abin da ke shigowa ta tashar ruwa, NEMSA ce ke da alhakin duba haɗin lantarki da ba masu haɗi shaida. Ni dai a cikin duk waɗanda na sani da suka saka sola, ban ji wanda ya ce ya tambayi mai haɗa masa takardar shaida ba.

Masu cewa to ai gara janareta, a'a. Hayaƙin janareta ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan, fetur a jarka ya ƙone gidaje ba adadi, tubula ma yana fitar da haidurojin idan yana caji. Litiyam mai kyau da aka haɗa daidai ya fi su duka aminci, kuma mafi yawansu za su ƙare rayuwarsu ba tare da ko tartsatsi ba. Amma janareta mun riga mun koyi cewa a waje ake ajiye shi, bayan mun binne mutane da yawa. Ba na so mu koyi na batir ta wannan hanyar.

Masu haɗa sola da ke cikin abokaina, ga tambaya, kuma amsa ta gaskiya nake so a ƙasa: a cikin ayyuka goma na ƙarshe da kuka yi, nawa ne batirin yake a ɗakin kwana ko a hanyar fita, kuma a nawa ne kuka ce wa maigida a'a?